Faifan C ya yi ja, saura giga 6: me zan goge, me zan bari?

Ummu Khalil:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana. Laftof ce mai SSD (faifan ajiya mara juyawa) na giga 256 da RAM giga 8, ba a yi mako guda da ɗaga ta daga Windows 10 zuwa Windows 11 ba. Yanzu layin faifan C ya koma ja, yana nuna saura giga 6 cikin 238. Da na haɗa nauyin Documents, Pictures, Videos da Desktop, duka giga 62 ne. Na goge bidiyoyi na kusan giga 9 amma wurin bai ƙaru ba ko kaɗan. Aikin da ake yi da ita shi ne rubutu a Word, yanka gajerun bidiyo da CapCut, sauke abubuwa daga intanet da IDM (Internet Download Manager), sai kuma jona iPhone jefi-jefi. Ina sauran wurin ya shiga? Kuma me ya sa 238 take nunawa maimakon 256? Wani ya ce in shiga foldar Windows in goge WinSxS, wani kuma ya ce in sa manhajar share-share ta yi mini komai. Wanne zan bi?

Injiniya Bala:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna.

Batun 238 ba cuta aka yi miki ba. Masu ƙera faifai suna lissafin giga ɗaya a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, Windows kuma tana lissafi da 1024 sau 1024 sau 1024. Idan aka raba biliyan 256 da wannan adadin, 238 ake samu. Haka mai 128 ke fitowa 119, mai 500 ya fito 465. Jan layin kuma yana bayyana ne da zarar abin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin 100.

Bidiyoyin da kika goge suna nan a Recycle Bin. Danna Delete ba ya cire fayil daga faifai, kwandon shara kawai yake kai shi, kuma kwandon a kan C ɗin yake zaune. Sai an zazzage shi wurin yake dawowa.

Kafin ki ƙara goge komai, ki auna. Abin da ke cinye faifai kusan kullum manyan abubuwa ne huɗu ko biyar, ba dubban ƙananan fayiloli ba, kuma galibinsu a ɓoye suke, shi ya sa lissafinki ya tsaya a 62. Ki sauke WizTree ko WinDirStat ko TreeSize Free daga shafin masu su, ƙanana ne, ba za su ci miki data ba. Na fi son WizTree don tana karanta jadawalin fayilolin faifan kai tsaye, cikin daƙiƙoƙi take gamawa. Ki danna dama a kanta ki zaɓi Run as administrator, in ba haka ba akwai foldojin da ba za ta iya leƙawa ba, lissafin ya fito da giɓi. Da ita za ki duba kawai, kada ki yi gogewa daga cikinta, domin ba ta hana ki goge abin da Windows ke tsaye a kansa.

Akwai wanda nake da tabbacin za ki gani tun kafin ki auna: Windows.old. Duk lokacin da aka ɗaga Windows, tsohuwar ana ajiye ta a wannan foldar don a iya komawa, kuma ba wuya ta kai giga 15 zuwa 30. Bayan kwana 10 Windows da kanta take share ta. In ba za ki iya jira ba, ki shiga Settings, System, Storage, sannan Temporary files. Ki ba ta lokaci ta gama lissafi, ki sa alama a Previous Windows installation(s), Recycle Bin, Windows Update Cleanup, Delivery Optimization Files da Temporary files, sai ki danna Remove files. A jerin akwai Downloads, kada ki sa masa alama, don zai kwashe duk abin da ke foldar ne ba tare da tambayar wanne kike so ba.

Abu biyu kafin ki taɓa Windows.old. Da zarar ta tafi, maɓallin Go back da ke Recovery ya daina aiki, don haka ki fara gwada firinta, sauti, kyamara, wayifai da manhajojin aikinki a kan Windows 11. Komawa Windows 10 dai ba wata riba ba ce yanzu, tunda Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, amma gara ki san komai yana aiki. Na biyu, ki buɗe Windows.old ki leƙa Users. Idan wanda ya yi miki aikin sabuwar Windows ya ɗora a kan tsohuwa ba ɗagawa ya yi ba, tsofaffin takardunki a can suke, kuma za su tafi tare da ita.

Malam Tanimu:

Injiniya ya yi bayani. Zan ƙara a kan WinSxS da ɓoyayyun fayiloli.

WinSxS ma'ajiyar sassan Windows ce. Daga nan ake ɗauko abin gyara idan wani fayil ya lalace, kuma sabuntawa tana dogara da ita. Wanda ya goge ta da hannu zai iya wayar gari kwamfuta ta ƙi tashi, ko sabuntawa ta riƙa faɗuwa har sai an sake ɗora Windows. Nauyin da File Explorer ke nuna mata ma ya wuce gaskiya, saboda fayiloli da yawa a cikinta su ne dai waɗanda ke System32, suna biyu ne a kan abu ɗaya, sai a ƙirga su sau biyu. Hanyar rage ta ita ce a buɗe Command Prompt da Run as administrator a rubuta:

Dism /Online /Cleanup-Image /AnalyzeComponentStore

Zai faɗi ainihin nauyinta da ko akwai buƙatar shara. In ya ce akwai:

Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup

Yana iya tsayawa a wani kaso na mintoci kamar ya maƙale. A bar shi, a kuma tabbatar caja na jone. Wasu suna ƙara /ResetBase a ƙarshe. Yana ƙara ɗan wuri, amma bayansa ba za a iya cire wata sabuntawa da aka riga aka sa ba ko da ita ce ta kawo matsala. A kwamfutar da aka ɗaga kwanan nan ba abin kirki za a samu a nan ba, don ma'ajiyar sabuwa ce.

Haka nan C:\Windows\Installer. Tana girma, tana jan ido, amma da fayilolinta ake gyara ko cire manhajoji irin su Office. In aka goge su, ranar da za a cire manhajar sai ta ce ba ta ga abin da take nema ba.

A gindin C akwai fayiloli biyu da ba a gani: pagefile.sys da hiberfil.sys. Na farko wurin da Windows ke sauke kaya ne idan RAM ta cika. Da RAM giga 8 da aikin bidiyo, a bar shi yadda Windows ta tsara. Masu kashe shi su ne manhaja ke rufe musu a tsakiyar aiki da saƙon ƙarancin ƙwaƙwalwa. Na biyu na Hibernate ne, wato adana aikin da ke buɗe a faifai kafin kwamfuta ta mutu, yakan kai kashi 40 cikin 100 na RAM, wato kimanin giga 3 a nan. Ana cire shi da:

powercfg /h off

Ni dai shawarata a kashe shi, tunda SSD ce, tashi daga farko ba ya ɗaukar lokaci.

Sai System Restore. Yana ajiye hoton yanayin kwamfuta a System Volume Information, kuma wani lokaci shi ke riƙe da wurin fayilolin da aka riga aka goge. A duba da:

vssadmin list shadowstorage

In ya yi yawa a rage masa iyaka:

vssadmin resize shadowstorage /for=C: /on=C: /maxsize=6GB

Tsofaffin wuraren komawa za su tafi, sababbin su tsaya. Kada a kashe shi gaba ɗaya, ranar da direban wata na'ura ya rikita kwamfuta shi ne mafita mafi sauƙi.

Manhajar share-share kuwa, abin da mai kyau a cikinsu ke yi bai wuce abin da Temporary files ke yi ba. Ɓangarensu na share rajista (Registry, inda Windows ke ajiye saitinta) ba ya dawo da wurin da za a gani, rajistar duka ba ta kai giga ɗaya ba a yawancin kwamfutoci. Waɗanda ke fitowa a talla suna cewa an gano matsala dubu kaza, a biya a gyara, su kansu ne matsalar.

Zainabu Abba:

Malam Tanimu, a yi mini afuwa, a kan Hibernate ban yarda ba. Idan batirin laftof ya kusa ƙarewa, abin da Windows ke yi shi ne ta kwashe duk aikin da ke buɗe ta zuba a hiberfil.sys sannan ta mutu. In an kashe shi, wannan kariyar ta tafi. A inda ake ɗauke wuta ba sallama, batirin laftof da yawa kuma ya riga ya gaji, giga 3 bai kai asarar aikin da ba a adana ba. A kwamfutar tebur mai UPS, ko laftof mai faifan giga 32 ko 64, to a nan na yarda. Kuma a sani powercfg /h /type reduced yana rage fayil ɗin zuwa kusan rabi, amma Fast Startup, mai sa kwamfuta tashi da sauri, kawai yake bari, Hibernate ɗin kansa ba ya aiki, don haka ba maganin wannan ba ne.

Yaya Ummu, ki kuma riƙa lissafin data kafin ki goge abu. Fayil ɗin ɗora manhaja mai giga 4 da ke Downloads, in kin goge shi, ranar da kika buƙace shi da kuɗi za ki sake sauke shi. Irin wannan kwashe shi ake yi zuwa faifan waje. Haka foldar C:\Windows\SoftwareDistribution\Download da ake yawan cewa a zazzage: in akwai sabuntawar da aka sauke ba a kai ga ɗora ta ba, Windows za ta sake janyo ta daga farko.

OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ma akwai tarko. Danna dama a kan fayil a zaɓi Free up space yana cire kwafin da ke kwamfuta ya bar na intanet, sai alamar gajimare ta fito a gefensa. Ba za ki iya buɗe shi ba sai da intanet. Amma danna Delete a cikin foldar OneDrive yana goge shi a duka wuraren biyu. Yana zama a kwandon sharar OneDrive na kwana 30 a asusun mutum na kansa, bayan nan shi ke nan. Kyautar da suke bayarwa ma giga 5 ce, ta Google giga 15 wadda Gmail da Photos ke ci a ciki, don haka ba wurin ajiye bidiyo ba ne.

In za ki kunna Storage Sense, mai yi wa Windows shara da kansa, ki buɗe saitinsa ki tabbatar layin Downloads yana kan Never. Kwandon shara kuma ki bar shi a kwana 30.

Ummu Khalil:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna da WizTree, ban ƙara goge komai ba tukuna. Users giga 118, Windows 31, Program Files biyun da ProgramData 29, Windows.old 24, System Volume Information 10, Recycle Bin 9, pagefile.sys 8, hiberfil.sys 3. A cikin Users, ban da 62 ɗina, Downloads na da 15, AppData na da 41. Cikin AppData akwai MobileSync 19, CapCut 11, IDM 5, Chrome 3, sauran ƙanana. Na leƙa Windows.old, ba takarduna a ciki. Zan iya goge AppData gaba ɗaya?

Injiniya Bala:

A'a Hajiya, AppData ba a goge ta dunƙule. A nan saitin manhajojinki yake, da kalmomin sirri da alamomin shafukan da Chrome ya adana, da saƙonnin Outlook in kina amfani da shi. Ɗaya bayan ɗaya ake bi, kuma an fi so daga cikin manhajar da ta tara kayan.

MobileSync kwafin ajiyar iPhone ne. iTunes ko Apple Devices ke yin sa idan an jona waya, kuma kowace waya da aka taɓa jonawa tana da tata foldar mai dogon suna na haruffa da lambobi, har wayar da aka sayar tuntuni. A iTunes ki shiga Edit, Preferences, Devices, za ki ga sunan kowace waya da ranar da aka yi kwafin. A Apple Devices kuma Manage Backups ne bayan an jona wayar. Wanda ya tsufa ki goge shi daga nan. Wanda kike so, ki kwafe foldarsa cikakkiya zuwa faifan waje, ki duba nauyi da adadin fayiloli sun yi daidai a ɓangarorin biyu, sannan ki goge na C. Kada ki shiga ciki ki ce za ki rage wasu fayiloli; in ɗaya ya ɓata, kwafin duka ba zai dawo kan waya ba. A wannan shafin na iTunes akwai akwatin da ke hana waya haɗa kai da kwamfuta da kanta, ki sa masa alama don kada giga 19 ɗin su dawo da jonawa ta gaba.

CapCut a ƙarƙashin User Data tana da Cache da kuma Projects. Ta farko tarkacen wucin-gadi ne, a saitin manhajar akwai wurin share ta, kuma abin da zai biyo baya bai wuce ta sake sauke wasu kayan ado da sautuka in kin neme su ba. Ta biyu ayyukanki ne da ba ki gama ba, kada ki taɓa. Ki kuma sani aikin da ke ciki ba ya ɗauke da bidiyon asali, hanyar zuwa inda yake kawai ya riƙe. In kika kwashe bidiyon zuwa wani faifai kafin ki fitar da aikin, zai buɗe yana cewa kayan sun ɓata, sai kin sake nuna masa sabon wurin.

IDM tana yanka fayil gunduwa-gunduwa ta ajiye a DwnlData, sai an gama ta haɗa su. Duk abin da ya katse aka watsar, gunduwoyinsa suna nan. Ki buɗe IDM ki goge waɗanda ba su ƙarasa ba daga jerinta. Wannan ne ma ya sa fayil mai giga 4 ke iya ƙin kammaluwa a faifan da ya rage giga 6: lokacin haɗawa ana buƙatar wurin gunduwoyin da na cikakken fayil ɗin a tare.

Chrome ki bar shi, ko kin share zai sake tarawa cikin 'yan kwanaki da datarki.

Lissafi: Windows.old 24, kwando 9, MobileSync 19, CapCut kusan 11, IDM 5. Giga 68 ke nan, a haɗa da 6 ɗin da ake da su, 74, ba a taɓa takardarki ko ɗaya ba, ba a kashe Hibernate ba. In kin tace Downloads kin kuma rage System Restore yadda Malam Tanimu ya nuna, za ki haura 80. Ki sake kunna kwamfutar bayan Remove files, don wani ɓangaren sharar sai a lokacin yake kammaluwa.

Malam Tanimu:

Hujjar Zainabu a kan baturi ta fi tawa, a bar Hibernate.

Abin da ya rage shi ne kada a dawo nan bayan wata uku, don mai aikin bidiyo giga 238 ba ya isar sa. SSD tana son a bar mata kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a sake, wato kimanin giga 36 zuwa 48 a nan. In ta cika maƙil rubutu yana yin nauyi, saboda sai ta kwashe ta share kafin ta samu inda za ta rubuta. Babbar sabuntawar Windows ma tana neman wuri mai yawa na ɗan lokaci.

Mafi sauƙi faifan waje na tera 1. Mai juyawa (HDD) ya fi SSD araha amma ba ya jure faɗuwa, musamman yana cikin aiki, kuma fayil ɗin da ke wuri ɗaya kacal ba a ce an adana shi ba. Hotunan iyali da takardun makaranta ko na aiki su kasance a wuri biyu. Filas ba ma'ajiya ba ce ta dindindin, kuma akwai na jabu da yawa a kasuwa: a rubuce giga 128 ko tera 1, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali cikinsa bai wuce 8 ko 16 ba. Kwafi zai tafi lafiya, sai an zo buɗewa a tarar fayilolin sun lalace. Ana gwada shi da H2testw, wadda ke cika shi ta karanta ta faɗi gaskiyar abin da ya ɗauka. A yi gwajin yana wofi, kafin a goge na kwamfuta. Idan kuma ya ƙi karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4 alhali akwai wuri, tsarinsa FAT32 ne, sai a kwashe abin da ke ciki a mayar da shi exFAT ko NTFS.

In ana son ƙari a cikin laftof ɗin, a duba lambar samfurinta a ga ramukan da take da su. Wasu suna da ramin M.2 da kuma gurbin faifan inci 2.5, ɗaya a wofi. M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kamanninsu kusan ɗaya amma ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Tsawon da aka fi samu shi ne 2280. Tsofaffi masu DVD ana cire shi a sa mazaunin faifai a gurbinsa, kauri 9.5 ko 12.7 na milimita, sai a auna kafin a saya. Idan za a kwafe Windows zuwa babban SSD, a fara adana lambar ceto ta BitLocker (makullin faifai na Windows) mai lamba 48, domin laftof da yawa masu Windows 11 faifansu a kulle yake ba tare da mai ita ya sani ba.

Da an samu faifai na biyu a ciki, a danna dama a kan Videos, Properties, Location, Move, a nuna masa folda a sabon faifan. Haka Downloads da Pictures. A ƙirƙiri folda mai suna tukuna, kamar D:\Videos. In aka nuna masa D: tsurarta, faifan duka zai koma Videos kuma warware shi yana da wahala. Kada a yi wannan da faifan waje da ake cirewa.

Ummu Khalil:

An gama, yanzu saura giga 79. Tambaya ta ƙarshe: in yi defrag don wurin ya ƙara buɗewa?

Zainabu Abba:

Ba ya ƙara wuri ko a tsohon faifai mai juyawa, jera fayiloli kawai yake yi, SSD kuma ba ta buƙatar jerin. Ki rubuta Defragment and Optimize Drives a wurin bincike, ki duba an rubuta Solid state drive a gaban C, kuma Scheduled optimization yana kunne a kan mako-mako. Danna Optimize a nan umarnin TRIM yake aikawa, wanda ke sanar da SSD wuraren da aka goge don ta share su tun kafin a buƙace su. Tunda kin goge giga 70 a zama ɗaya, ki danna shi sau ɗaya yanzu.